Yadda Ake Allurar Rigakafin Infuluwenza da Jinyar Wanda Ya Kamu: Jagora ga Ma'aikatan Lafiya

Infuluwenza mura ce, amma ta sha bamban da murar atishawa da majina wadda mutum kan yi fama da ita yana ci gaba da harkokinsa. Tana kama mutum ne farat ɗaya: zazzaɓi mai zafi, busasshen tari, ciwon kai, ciwon tsoka, da kasalar da ke kwantarwa. Bairas nau'in A da nau'in B ne ke kawo ta, kuma daga shigarsu jiki zuwa bayyanar alamu kwana 1 ne zuwa 4. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duk shekara tana sanadin mutuwar mutum 290,000 zuwa 650,000 ta hanyar ciwon numfashi. Mai ƙoshin lafiya yakan warke cikin mako guda. Waɗanda take yi wa illa su ne tsofaffi, masu ciki, ƙananan yara da masu fama da wata cuta tun asali.

A Najeriya wannan rigakafi ba ya cikin jadawalin allurar yara na gwamnati. Galibi asibitoci masu zaman kansu ne ke sayo shi, don haka nauyin tabbatar da ingancinsa da ajiyarsa yana wuyanka.

Kayan da za a tanada

Don rigakafi: firiji mai riƙe sanyi tsakanin digiri 2 da 8, ma'aunin sanyi a cikinsa da takardar rubuta awo, akwatin ɗaukar rigakafi da robobin ƙanƙara, sirinji mai amfani sau ɗaya, allura lamba 22 zuwa 25 mai tsawon milimita 25, busasshiyar auduga, akwatin zuba allurar da aka yi amfani da ita, kati da rajista. Sai adirenalin, maganin gaggawa na mummunan borin jini, mai ƙarfin miligiram 1 a kowace mililita, tare da sirinjin mililita 1. In babu adirenalin a ɗakin, kada a fara allura ranar.

Don jinya: ma'aunin zafin jiki, na'urar auna iskar oksijin da ake maƙalawa a yatsa, agogo don ƙirga numfashi, ma'aunin nauyi, kayan gwajin zazzaɓin cizon sauro, takunkumin fuska, sabulu da ruwa, farasitamol, oseltamivir (maganin bairas ɗin infuluwenza), da iskar oksijin ko sanin asibiti mafi kusa da ke da ita.

1. Duba rigakafin kafin ka karɓe shi

Bairas ɗin yana sauya kama, shi ya sa ake sake haɗa rigakafin kowace shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya tana fitar da shawarar haɗin sau biyu: a Fabrairu don ƙasashen arewacin duniya, a Satumba don na kudanci. Haɗin yanzu yana ɗauke da nau'i uku, wato H1N1 da H3N2 daga A, sai zuriyar Victoria daga B. Zuriyar Yamagata daga B, wadda a da ita ce ta huɗu a haɗin, ba a sake tabbatar da ita ba tun Maris 2020, don haka aka ba da shawarar cire ta. Wanda ya ga kwali mai nau'i uku kada ya ɗauka ragi aka yi masa.

A ƙasashe masu zafi cutar tana iya yawo duk shekara, ba kamar Turai ba inda take da lokacin sanyi sananne. Abin yi shi ne ka nemi haɗin da ya fi sabunta a cikin waɗanda ke samuwa. Karanta shekarar da aka rubuta a kwali, ranar lalacewa, lambar rukuni, lambar rajistar NAFDAC, da shekarun da aka amince a yi wa wannan samfurin. Ragowar na bara ba ya maye gurbin na bana.

2. Ajiya

A nan aka fi yin ɓarna, kuma ɓarnar da ba ta ganuwa. Kowa yana tsoron zafi, amma daskarewa ita ma tana kashe ƙarfin rigakafin, kwalbar kuma ta ci gaba da zama garau kamar babu abin da ya same ta. Ajiye shi a tsakiyar firiji cikin kwalinsa, nesa da bangon baya da sashen firiza. Kada a sa shi a ƙofa, domin duk buɗewa sanyinta na sauyawa. A rubuta awon sanyi safe da yamma, har ranakun hutu.

Gwajin girgiza kwalba da aka saba yi wa rigakafin tetanus ko Penta (allurar yara mai kariya daga cututtuka biyar) ba ya aiki a nan. Wancan gwaji na rigakafin da ke da sinadarin alminiyam ne, yawancin na infuluwenza kuwa ba su da shi. In ana zargin ya daskare, a ware shi, a rubuta masa "kada a yi amfani", a tuntuɓi wanda ya kawo.

Idan za a fita da shi a akwati, kada a ɗauko ƙanƙara daga firiza a jefa kai tsaye. A bar robobin a waje har su fara narkewa, in an girgiza a ji ruwa yana motsi a ciki, sannan a goge a jera. Inda wuta ba ta tsayawa kuma babu firijin sola, jera robobin ruwa a ƙasan firijin da ƙofarsa don su riƙe sanyi, a daina buɗewa in an ɗauke wuta, kuma a sayo daidai abin da zai ƙare cikin ɗan lokaci.

3. Wa za a yi wa, wa za a dakatar

Ana yi daga wata 6 da haihuwa zuwa sama. In rigakafin bai wadata ba, a fara da ma'aikatan lafiya, masu ciki, tsofaffi, masu ciwon suga, asma, ciwon zuciya, ƙoda ko hanta, masu sikila, masu ɗauke da HIV, da yara 'yan ƙasa da shekara 5. Mai ciki ana yi mata a kowane wata na cikin. Ribar biyu ce, domin garkuwar tana ratsawa zuwa jariri ta kare shi a watannin farko da ba a iya yi masa allurar.

Maniyyata ma suna cikin lissafi. Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya tana shawartar masu zuwa Hajji da Umara su yi wannan rigakafi. A yi shi aƙalla mako 2 kafin tashi, tunda sai bayan kusan mako 2 garkuwar ke kafuwa. A 'yan shekarun nan Hajji yana faɗowa wajen Mayu da Yuni, lokacin da haɗin arewacin duniya ke dab da ƙarewar wa'adi, don haka a ƙara duba ranar lalacewa. Babu laifi a haɗa shi rana ɗaya da allurar sanƙarau, kowace a hannu daban.

Tambayoyi uku kafin ka zuƙi allura. Ya taɓa samun mummunan borin jini mai toshe numfashi bayan wannan rigakafin? In eh, ba a yi masa. Ya taɓa samun shanyewar jijiyoyi irin ta Guillain-Barré cikin mako 6 bayan allurar baya? In eh, likita ne zai auna. Yana da zazzaɓi mai ƙarfi yau? In eh, a bari ya warware. Ƙaramar mura ko ɗan gudawa ba sa hana allura, kuma korar mutane saboda su asara ce, domin da yawa ba sa dawowa. Wanda ƙwai ke sa wa borin jini ma ana yi masa, muddin adirenalin na kusa.

Akwai nau'in da ake fesawa a hanci, mai ɗauke da bairas da aka raunana. Ba a ba mai ciki, mai raunin garkuwa, yaro ɗan ƙasa da shekara 2, ko yaron da ke shan asfirin.

4. Adadin da ake bayarwa

Daga shekara 3 zuwa sama, mililita 0.5. Daga wata 6 zuwa wata 35, wasu samfuran 0.25 ne, wasu 0.5, don haka takardar cikin kwali ce alƙali. Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 8 da bai taɓa yin wannan rigakafi ba yana buƙatar allura biyu, da tazarar aƙalla mako 4. Wannan ita ce ƙa'idar da aka fi mantawa. Rubuta ranar dawowa a katin, ka kuma faɗa wa mahaifiyar da baki: "Maman yaro, wannan rabi ne, sai kin dawo da shi ranar kaza za a cika." Daga shekara 9, allura ɗaya ta isa a shekara. Akwai samfuran da aka ƙara wa ƙarfi don 'yan shekara 65 zuwa sama, amma rashinsu ba dalilin fasa na yau da kullum ba ne.

5. Yin allurar

Wanke hannu. Zaunar da mutumin, ya saki hannunsa. Kwalba mai allura da yawa a goge bakinta, a yi amfani da sabon sirinji da sabuwar allura kowane zuƙa, a rubuta ranar buɗewa a jikinta. Ba a barin allura a soke a bakin kwalba, ba a kuma zuƙe sirinji da yawa a jera a tire ana jiran mutane.

Babba da yaron da ya yi tsoka, a damtse. Lalubo ƙashin saman kafaɗa, ka sauko faɗin yatsu biyu zuwa uku, a nan tsokar ta fi kauri. Hawa sama da haka yana kai ruwan cikin gaɓar kafaɗa, mutum ya yi watanni hannu bai ɗaguwa. Saukowa ƙasa da yawa kuma yana iya taɓa jijiya. Jariri da yaron da bai kai shekara 2 ba, a gefen cinya ta gaba daga waje, a tsakiyar tsawonta. Ɗuwawu ba wurin wannan allura ba ne, ko da mutum ya nuna can ya saba.

Fata mai tsabta ba ta buƙatar sifirit. In da datti a wanke da ruwa, in kuma an shafa sifirit a bari ya bushe. Audugar da aka jiƙa aka tara a gwangwani tun safe matattarar ƙwayoyin cuta ce. Soka allurar a miƙe, ba a karkace ba, ba sai ka ja baya don neman jini ba. Tura ruwan, zare, danna da busasshiyar auduga ba tare da murzawa ba. Mai shan maganin tsinka jini a yi masa da siririyar allura, a danne wurin minti 2. Jefa sirinjin a akwati nan take ba tare da mayar da murfi ba, akwatin kuma a rufe shi in ya kai kashi uku cikin huɗu.

6. Minti 15 na bayan allura

Kowa ya zauna minti 15. Ka yi amfani da lokacin wajen rubuta suna, rana, samfur, lambar rukuni da hannun da aka yi, sannan ka gaya masa abin da zai iya ji: tsamin hannu, ɗan zazzaɓi ko kasala na kwana ɗaya ko biyu. Ka faɗa masa allurar ba ta sa mura domin babu bairas mai rai a cikinta, kuma ba ta hana sauran murar da wasu ƙwayoyin ke kawowa. Wanda ba a yi wa wannan bayani ba, ranar da ya yi atishawa zai ce allurar ce.

Ka iya bambanta suma da anafilaksis, wato mummunan borin jini mai toshe numfashi. Mai suma yakan yi fari, bugun jininsa ya rage sauri, da an kwantar da shi an ɗaga ƙafafu ya farfaɗo. Anafilaksis kuwa yana zuwa da borin jini, kumburin leɓe ko fuska, shaƙewar murya, numfashi mai fito, bugun jini mai sauri marar ƙarfi. A nan ba a jira: adirenalin a tsokar gefen cinya, mililita 0.01 a kowane kilo, kada ya wuce 0.5. In ba a san nauyi ba, ɗan ƙasa da shekara 6 a ba shi mililita 0.15, ɗan 6 zuwa 12 a ba shi 0.3, wanda ya haura 12 a ba shi 0.5. A maimaita bayan minti 5 in babu sauƙi, a sa oksijin da ƙarin ruwa, a tura shi babban asibiti ko da ya ji dama. Hydrocortisone da Piriton ba sa maye gurbin adirenalin, kuma fara da su ɓata lokaci ne. A cike takardar rahoton illar rigakafi a miƙa wa jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma.

7. Gane wanda ya kamu

Ma'aunin da ake aiki da shi wajen sa ido shi ne zafin jiki digiri 38 ko fiye, tare da tari, wanda ya fara cikin kwana 10 da suka wuce. Tsoho yana iya zuwa babu zazzaɓi, sai ruɗewa ko faɗuwa. Yaro yana iya zuwa da amai da gudawa.

A yankinmu duk mai zazzaɓi a yi masa gwajin cizon sauro. In ya fito babu, kada a ba shi maganinsa don kawai a sallame shi. In ya fito akwai, a yi magani, amma a tuna mutum na iya ɗauke da duka biyun, kuma cizon sauro kaɗai bai cika bayyana tari da ciwon maƙogwaro ba. Sai a riƙe sauran cututtukan da ke kama da ita: korona, zazzaɓin Lassa a lokacin rani musamman in zazzaɓin ya ƙi jin magani, sanƙarau in wuya ya sandare, mashaƙo in an ga farar fata a maƙogwaro da kumburin wuya, tarin fuka in tari ya kai mako 2. Ka kuma tambayi sana'a. An fara tabbatar da murar tsuntsaye ta H5N1 a Afirka ne a wata gonar kaji a Jihar Kaduna a 2006, don haka mai kiwon kaji ko mai fiɗa da ya zo da ciwon numfashi bayan kaji sun yi ta mutuwa, a killace shi a sanar da hukuma ranar.

Gwajin gaggawa na infuluwenza yana kuskure masu cutar da yawa, don haka "babu" a wurinsa ba hujja ba ce. PCR, gwajin da ake yi a ɗakin bincike, shi ne abin dogaro. Ana ɗaukar samfuri daga can cikin hanci da tsinken roba, ba na katako mai auduga ba, a sa a ruwan ɗaukar bairas, a riƙe a digiri 2 zuwa 8, a kai cikin kwana 3. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana cikin cibiyoyin da hukumar NCDC mai yaƙi da yaɗuwar cututtuka a Najeriya ke sa ido kan infuluwenza ta hanyarsu. Inda babu gwaji, alamomi sun isa a fara magani, kuma ba a jinkirta wa mai tsanani magani don jiran sakamako.

8. Gida ko gado

Ƙirga numfashi na cikakken minti guda, yaro yana kwance hankalinsa. Ya yi sauri in ya kai 60 ga ɗan ƙasa da wata 2, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ga ɗan shekara 1 zuwa ƙasa da 5. A kwantar ko a tura gaba in an ga faɗawar haƙarƙari, oksijin ƙasa da kashi 90, leɓe ya yi shuɗi, ƙin shan nono ko ruwa, amayar da komai, jijjiga, ruɗewa, ciwon ƙirji, ko ɗaukewar fitsari. Mai ciki ana son oksijin ɗinta ya tsaya daga kashi 92 zuwa sama. Babba a fara masa da oksijin lita 5 a minti, ƙaramin yaro lita 1 zuwa 2 ta hanci, a daidaita da awo. Mai sikila da ya zo da zazzaɓi da ciwon ƙirji ba a sallamarsa gida.

9. Maganin bairas

Oseltamivir ya fi aiki in an fara cikin awa 48 na farko, amma wanda aka kwantar ana ba shi ko da ya wuce haka. Babba miligiram 75 sau biyu a rana, kwana 5. Yaro daga shekara 1, sau biyu a rana kwana 5, bisa nauyi: kilo 15 ko ƙasa, miligiram 30, sama da 15 zuwa 23, miligiram 45, sama da 23 zuwa 40, miligiram 60, sama da 40, miligiram 75. Jaririn da bai kai shekara ba, miligiram 3 a kowane kilo, shi ma sau biyu a rana. Mai ciwon ƙoda a rage masa: in tacewar ƙodar tana tsakanin mililita 31 da 60 a minti, miligiram 30 sau biyu a rana, tsakanin 11 da 30, miligiram 30 sau ɗaya a rana. A sha da abinci don rage tashin zuciya.

In babu na ruwa, buɗe kafso mai miligiram 75 a kofi mai tsabta, zuba ruwan sha mililita 12.5, motsa minti 2. Kowace mililita ta zama miligiram 6 ke nan: mililita 5 don 30, 7.5 don 45, 10 don 60. Yana da ɗaci, a gauraya da ruwan suga, banda zuma ga ɗan ƙasa da shekara. Ragowar a zubar, a haɗa sabo kowane sha.

Game da wanda bai yi tsanani ba amma yana cikin rukunin haɗari, jagorori sun ɗan rabu. Na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya karkata ga wani maganin bairas mai suna baloxavir, ya bar oseltamivir ga masu tsanani. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ba da shawarar oseltamivir ga duka rukunan biyu, kuma shi ta zaɓa wa masu ciki. A aikace, tunda oseltamivir ya fi samuwa, mai ciki ko tsoho mai ciwon zuciya da ya zo da wuri ya cancanci a ba shi. Baloxavir sau ɗaya ake sha: miligiram 40 ga mai kilo 20 zuwa ƙasa da 80, miligiram 80 ga mai kilo 80 ko fiye. Ba a haɗa shi da madara, nono, maganin olsa na alli, ko ƙwayoyin ƙarin jini, domin suna hana shi shiga jiki. Zanamivir na shaƙa ne, ba a ba mai asma. Amantadine ya daina aiki a kan bairas ɗin da ke yawo yanzu. Matashi mai ƙoshin lafiya da ciwonsa bai yi tsanani ba, hutu, ruwa da farasitamol sun ishe shi: giram 1 duk awa 6 ga babba, kada ya wuce giram 4 a rana, miligiram 15 a kowane kilo ga yaro.

10. Abin da ba a bayarwa

Antibayotik ba ya taɓa bairas. Rubuta shi ga kowane mai tari don kada a ce likita bai ba da komai ba shi ke haifar da ƙwayoyin da ba sa jin magani. Wurinsa shi ne in akwai alamar ciwon huhu na bakteriya: mutum ya fara samun sauƙi, sai zazzaɓi ya dawo da kaki mai ruwan ƙwai, ciwon ƙirji da saurin numfashi. Ka gaya wa duk wanda ka sallama cewa in ya ga haka ya dawo ranar. Dexamethasone da danginsa ba a ba da su don infuluwenza kanta, sai in da wani dalili kamar tashin asma. Asfirin ba a ba yara da matasa masu wannan zazzaɓi saboda haɗarin cutar Reye mai lalata hanta da ƙwaƙwalwa, kuma a tambayi abin da aka riga aka sayo a kemis, domin wasu magungunan ciwon kai na gari suna ɗauke da shi.

11. Kare sauran mutanen asibiti

Mai tari a ba shi takunkumi tun daga bakin ƙofa, a zaunar da shi aƙalla mita 1 daga wasu, nesa da layin awon ciki. A buɗe tagogi. In babu ɗakin keɓewa, a tara masu alamu iri ɗaya a kusurwa guda, a rage masu zuwa dubiya, a bar mai jinya ɗaya da takunkumi. Wanda ke cikin babban haɗari kuma ya yi mu'amala ta kusa da mai cutar cikin awa 48 ana iya ba shi oseltamivir na kariya, miligiram 75 sau ɗaya a rana na kwana 7 zuwa 10 ga babba. Ma'aikacin da ya kamu ya zauna a gida har sai ya yi awa 24 babu zazzaɓi ba tare da shan farasitamol ba. In kuma aka ga mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya, ko ɗalibai a makarantar kwana, sun kwanta da irin alamun nan cikin 'yan kwanaki, a rubuta sunayensu da ranar da kowa ya fara, a kira jami'in sa ido na ƙaramar hukuma don a ɗauki samfuri.